Ɓarawon Hantsi

A zamanin da, tun ana gane lokaci da tsawon inuwa, an yi wani Sarki a wani birni mai ganuwa, wanda babu abin da ke ɓata masa rai kamar bazara. Al'adar birnin ita ce ba a soma komai sai an buga tambarin fada da hantsi. Da jin tambarin ake buɗe kasuwa, a zauna fadanci, alƙali ya shimfiɗa buzunsa, ayari ya kama hanya. Da sanyi wannan ba laifi. Amma da bazara, kafin a buga tambari rana ta riga ta buɗe, kafin walaha ta soma dukan ƙeya, sai ka ga masu gyaran ganuwa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kasuwa suna gyangyaɗi a kan hajarsu. Sanyin safiya kuwa a banza yake wucewa, mutane na zaune a ƙofar gida suna kurɓar koko suna gulmar maƙwabta.

Ran nan Sarki ya tara manyan fadarsa ya ce, "Allah ya ba mu safiya mai sanyi muna zubar da ita, sai rana ta ɗauki zafi mu ce za mu yi aiki. Wa ke da magani?"

Kowa ya sunkuyar da kai, sai Waziri. Sunansa Cindo, mutum ne mai kaifin basira, kuma ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Aibinsa ɗaya ne: in dabara ta fito daga kansa, sai ya ƙaunace ta kamar 'yar auta, ba ya son jin an ce tana da ko ɗigon muni.

Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, in aka ce wa talakawa su riƙa fitowa da sassafe, gunaguni za su yi, su ce an hana su barci. Kada a ce musu komai. Tambari za a matsar. Da bazara a buga shi rana na hudowa, a ce hantsi ya yi. In damina ta sauka a mai da shi inda yake. Mutum zai fito aiki da wuri, alhali a ransa da hantsi ya fito kamar kullum."

Sarkin Kasuwa ya yi wuf ya ce wannan magana ta yi, don yini zai ƙara tsawo, ciniki ya ƙaru. Ardo ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ƙi ba, amma wa zai gaya wa shanu? Saniya ba ta jin tambari. Sai lokacinta ya yi ake tatsarta, matanmu kuwa sai sun tatsa suke ɗauko nono." Sarkin Noma ya ce su ma raɓa suke jira ta bushe, ita kuwa raɓa ba ta taɓa zuwa fadanci ba. Aka yi dariya, aka yi ta musu har makogwaro ya bushe, wasu na cewa hutun yamma zai ƙaru, wasu na cewa barcin yara zai ragu.

Da hayaniya ta lafa, Liman ya gyara murya. Ya ce, "Salla dai da rana ake yinta, na san Waziri ba zai taɓa ta ba. Shawarata ƙarama ce. A buga tambari duk sa'ad da Sarki ya so, amma a sa masa wani suna. A ce tambarin aiki, ko tambarin bazara. Hantsi sunan rana ne, ba sunan tambari ba ne."

Waziri ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai duk dabarar a cikin sunan take. In aka canja suna, kowa zai gane an tashe shi da wuri."

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya bi maganar Waziri. Sanƙira ya zaga unguwannin birni ya yi shela. Ƙauyuka kuwa ba wanda ya tuna da su, tunda dama ƙarar tambari ba ta kaiwa can.

To, Waziri yana da wani ɗan 'yar'uwarsa a gidansa, ana ce masa Malam Nomau. Uwarsa, Tasalla, yayar Waziri ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a ƙauyensu, tafiyar safiya guda daga birni. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Da mijinta ya rasu ta so ya zauna ya riƙe gona, shi kuwa zuciyarsa na wajen karatu, Waziri ya goya masa baya ya ɗauko shi. Ranar da zai bar gida magana ta yi zafi, ya faɗa wa uwarsa abin da ɗa ba ya faɗa, ita kuma ta ce kada ƙafarsa ta sake taka zaurenta. Shekaru suka shuɗe, ya zama malami, gemu ya cika, amma ba ta neme shi ba, shi kuma kunya da tsoro suka hana shi zuwa.

A wannan bazarar Nomau ya yi niyyar aikin hajji. A zamanin nan kuwa tafiyar ƙasa ce, wanda ya tafi sai an gan shi, shi ya sa ba mai ɗaura kaya sai ya bi dangi da maƙwabta ya nemi gafara. Nomau ya bi kowa, saura mutum ɗaya. Ya sami Waziri ya durƙusa ya ce, "Kawu, yaya zan tsaya a gaban ɗakin Allah Inna na fushi da ni? In na je ta kore ni, ba zan iya tafiyar ba. In ban je ba, ban san da me zan tafi ba."

Waziri ya ce, "Na san halin Yaya, in ka tsaya a gabanta bakinta zai riga zuciyarta. A bar mata zaɓi." Ya kira wani mai tallan gishiri da ke bin ƙauyukan nan ya ba shi saƙo da baki: a gaya wa Tasalla ɗanta zai tashi ran Alhamis da hantsi daga Ƙofar Gabas, yana roƙonta gafara. In ta yafe, ta zo ya gan ta, ko ba ta yi magana ba ya isa.

Ran Alhamis tun da asuba ayari ya taru a Ƙofar Gabas, jakuna da raƙuma da masu rakiya, ana ta koke-koke da addu'o'i. Nomau bai ga kowa ba a cikinsu. Idonsa na kan hanyar da ta zagayo ganuwa daga wajen ƙauyensu. Rana na hudowa sai ga ƙarar tambari daga fada. Madugu Shekarau, shugaban ayarin, ya ɗaga sanda, aka fara kora dabbobi.

Nomau ya kama hannun rigar Waziri ya ce, "Kawu, a ɗan dakata. Ƙafarta ba ta da sauri yanzu."

Madugu ya dubi Waziri yana jiran abin da zai ce, kuma da ya ce a jira, da an jira har walaha ba mai ɗaga murya. Amma mutane sun yi cincirindo suna kallo, doka kuwa sabuwa ce, tasa ce kuma. Ya ce a ransa, in wanda ya kawo doka ya fara karya ta saboda ɗan gidansa, gobe wa zai bi? Ga shi kuma ya riga ya yanke wa yayarsa hukunci, ya ce taurin kanta ne ya motsa. Sai ya dafa kafaɗar Nomau ya ce, "Hantsi ya yi, ɗana. Da za ta zo, da ta zo. Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Nomau ya share ido da bakin rawani ya bi ayari. Har suka sha kwana yana waiwaye. Waziri ya hau dokinsa ya koma fada yana jin haushin yayarsa, yana kuma jin daɗin yadda ayari ya tashi cikin sanyi.

Birni ya ci gaba da sabon hantsinsa, wasu na yabo, wasu na tsaki. Aikin ganuwa dai ya yi sauri, wannan gaskiya ne. Amma masu nono sukan iso kasuwa su tarar masu saye sun watse, yara na zuwa makarantar allo ido a rufe, har ta kai in mutum biyu za su yi alkawari sai ɗaya ya ce, "Tsaya, hantsin Sarki ko hantsin Allah?" Waziri ya ji wannan magana ya yi dariya, ya ce za su saba.

Ana gab da saukar damina, ran nan ana fadanci, sai dogari ya shigo ya ce ga wata tsohuwa a waje ta ce ƙara ta kawo, kuma ba za ta faɗa wa alƙali ba sai Sarki. Aka shigo da ita lulluɓe da mayafin saƙi, ƙafafunta fururu da ƙura. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Tana buɗe baki Waziri ya gane ta, don ko cikin barci ya ji wannan murya ya san ta.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, sata aka yi mini a ƙofar birninka, da rana tsaka, mutane na kallo. Abin da aka sace ba a ɗaukarsa a ka, ba a sa shi a taska, ba a sayar da shi a kasuwa. Kowa yana da shi kullum, ni kuwa na rana ɗaya nake bukata, shi aka ɗauke."

Sarki ya dubi malamai. Wani ya ce mutunci take nufi, wani ya ce barci, wani ya ce ai tsufa ne ya taɓa ta. Sarki ya ce, "Iya, mun kasa. Mene ne?"

Ta ce, "Hantsi, ranka ya daɗe."

Sannan ta ba da labari. Saƙo ya iske ta, ta yi kwana biyu tana faɗa da zuciyarta, a na uku ta ce uwa ba ta gaba da abin da ta haifa. Ran Alhamis ta yi sallar asuba ta kamo hanya. Ta iso Ƙofar Gabas hantsi na dubowa, ta duba inuwarta ta ga daidai, har tana murna ba ta makara ba. Ba ta tarar da komai ba sai kashin raƙuma. Ta tambayi mai gadin ƙofa, ya ce ai sun tashi tun da hantsi. Ta ce yanzu ne hantsi, ya yi mata dariya ya ce ta je ta tambayi Sarki.

"Sai na ce a raina, ashe yaron nan bai huce ba. Ya kira ni ne don in sha tafiya in zo in tsaya a gaban mutane kamar mahaukaciya. Na juya gida ban gaya wa kowa ba. Da na san gaskiya a ranar, ai da ko da rarrafe na bi su, ba su yi nisa ba. Sai shekaranjiya wata mai nono tana mita a gidana, take cewa wai a birni yanzu hantsi biyu ne. Ranka ya daɗe, shi ya tafi yana cewa ban yafe ba, ni na zauna ina cewa ya wulaƙanta ni. Wa ya yi mana wannan?"

Sarki ya ce, "Wane ne ɗan naki? Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai, don ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ta ce, "Wanda ke zaune a damanka ya san sunan."

Waziri ya ɗago kai. Yana iya yin shiru a nemi mai gadin ƙofa a ɗora masa, yana iya cewa doka ta Sarki ce. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauko daga shimfiɗarsa ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Sunansa Nomau, ranka ya daɗe. Wannan yayata ce. Ni na aika mata da saƙon, na ce da hantsi, ban ce wanne ba, don na manta akwai mutanen da rana kaɗai suke ji. Yaron ya roƙe ni a dakata, ni na hana. Ɓarawon da take nema ga shi a gabanka."

Tasalla ta juyo ta dube shi, rabon da ta dube shi an daɗe. Ta ce, "Cindo, tun kana ƙarami wayonka ya fi ƙarfinka. Ban san zai kai ka ga taɓa rana ba." Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sarki ya dubi Liman. Can ya ce, "Waziri ya kawo shawara, amma bakina ne ya mai da ita doka, kuma an ba ni shawarar da ta fi ta na ƙi. Daga gobe tambarin hantsi ya koma bin rana. Mai son aiki da sassafe a buga masa kuge, a kira shi da sunansa na gaskiya, a kuma kai shela har ƙauyuka. Iya, wannan shi ne abin da zan iya mayarwa. Me kike so bayan haka?"

Ta ce, "Ba na son a taɓa kowa. Ku dai shaida, na yafe wa yaron nan duniya da lahira, tun ranar na yafe. So nake ya ji."

Sarki ya juya ga Waziri ya ce, "Ka ji amana. Ajiye rawanin a nan. Ranar da wannan magana ta shiga kunnen mai ita, ka zo ka ɗauka."

Waziri ya warware rawaninsa da hannunsa ya ajiye. Kafin azahar ya fita ta Ƙofar Gabas da doki biyu. Ya bi zango-zango yana tambaya, ko'ina a ce masa sun wuce tuni. Ruwa ya sauko, rafuka suka kawo, doki ɗaya ya mutu a hanya. Da ya kai garin ƙarshe na bakin hamada aka ce masa ayarin ya rabu biyu saboda labarin yaƙi, wasu sun yi arewa, wasu sun yi kudu, ba wanda ya san inda malamin da yake kwatantawa ya bi. Ya zauna nan har guzurinsa ya ƙare, ya juyo a rame.

Bai shiga birni ba sai da ya biya ƙauye. Tasalla na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta kawo masa ruwa ya sha.

Daga nan Cindo ya zama mutumin Ƙofar Gabas. Sarki ya naɗa wani ya riƙe aikin waziri, birni ya zauna lafiya da hantsinsa guda. Shi kuwa duk ayarin da zai yi gabas sai ya bi mutanensa ɗaya-ɗaya yana ba su saƙo: in kun ga Malam Nomau, ku ce uwarsa ta zo. Duk ayarin da ya dawo, shi ne farkon mai tarye. Wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce bai ji ko sunan ba. Yara suka taso ba su san ya taɓa zama Waziri ba, tsohon bakin ƙofa suke ce masa. Duk ranar kasuwa yakan je ƙauye, ya zauna da yayarsa su yi hirar gero da ciwon gwiwa, ba mai ambaton abin da ke ransu. Wata damina ta kwanta ciwo. Da ta ga abin ba na tashi ba ne ta kama hannunsa ta ce, "Kai ma na yafe maka, kada ka ce ban faɗa ba. Amma saƙona yana wuyanka." Aka binne ta a bayan gonar da ta so ɗanta ya riƙe.

Bazarar da ta biyo baya, wata safiya, ayari ya shigo daga gabas. Cindo ya tashi da sandarsa zai soma tambayar da ya saba, sai wani mutum mai furfura a gemu ya sauko daga kan jaki ya tsaya yana dubansa.

"Kawu? Ina rawaninka?"

Cindo ya gane muryar, Nomau ne. Nomau ya rungume shi, sannan ya ja da baya ya yi tambayar da ya ɗauko tun daga gabas. "Inna fa? Tana nan?"

"Allah ya yi mata rasuwa da daminar da ta wuce."

Nomau ya yi salati ya runtse ido. Ya ce, "Shi ke nan, ta tafi da fushina."

Cindo ya ce, "A'a. Tsaya ka karɓi amanarka, na gaji da ɗaukarta. Ta zo, Nomau. Ranar da kuka tashi ta zo nan inda kake tsaye, da hantsi, hantsin gaskiya. Tambarina ne ya riga ta. Ka ce a dakata na hana. Ta tsaya a gaban Sarki ta ce a shaida ta yafe maka duniya da lahira. Na bi ku ban same ku ba, na yi ta aike, ashe ba wanda ya iske ka."

Nomau ya zauna a ƙasa, nan tsakiyar hanya, jakuna na ratsa shi ta kowane gefe. Ya daɗe yana kuka irin na manya, wanda ba a jin sauti sai kafaɗa ke rawa. Da ya sami kansa ya ce, "Kawu, ai tun shekarar da muka isa na sauke farali. Abokan tafiyata suka juyo, ni na ƙi. Na zauna can ina koyar da 'ya'yan mutane, ina cewa wa zan koma wa? Da na san ta zo, da tuni ina gida. Da ni zan yi mata noma duk shekarun nan."

Wannan karon Cindo bai nemi wata dabara ba. Labari ya kai fada, Sarki ya cika alkawari ya aiko dogari da rawani a kan faifai. Cindo ya ce a yi wa Sarki godiya, a ajiye masa sai ya dawo, yanzu akwai inda zai raka wani.

Suka kama hanyar ƙauye su biyu, tsoho na dogara sanda, Nomau na rage sauri saboda shi. Sun yi nisa, sannan Nomau ya ce, "A ƙasa ta zo, Kawu? Duk wannan tafiyar?"

Cindo ya ce, "A ƙasa ta zo, a ƙasa ta koma."

Nan labarin ya tsaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.